Rubutun Baibai

Shekara ashirin da uku ke nan ina rubutu a baibai,
kuma a kan haka ake biyana.
Farar mota takan shigo garejinmu na Arbroath tsirara,
ba suna, ba dangi, sai warin sabuwar taya.
Ni Ishbel, ni ke tufatar da ita.

Reza a aljihu, ƴar roba a hannu,
in wanke jikinta tas, in auna, in sake aunawa,
sannan in liƙa leda gida-gida, kore kusa da ɗorawa,
ina korar iska daga tsakiya zuwa baki
kamar mai lallashin yaro ya yi barci.
Shuɗi na ƴan sanda ne, ja na ƴan kwana-kwana.
Masu hawa duwatsu neman wanda ya ɓata cikin ƙanƙara
su fari da ruwan lemo suke so,
kuma kullum sai sun yi ciniki, don da kuɗin taimako suke zuwa.
A baya kuwa, ja da ɗorawa, layi ya kwanto kan layi,
ma'anarsa ɗaya ce: ka ganni, ka kauce.

Struan, yaron da nake koya wa aiki,
ya tambaye ni ranarsa ta fari:
me ya sa haruffan goshinta suka juya mana baya?
Na ce, ba don mu aka yi su ba.
Na wanda ke gaba ne, wanda bai waiwayo ba,
wanda madubi ne kaɗai zai gaya masa gaskiya.

Wata Juma'a, sauran minti goma a tashi,
na bar ƙullutun iska ƙarƙashin koren gida na huɗu,
bai fi ƙwayar wake ba.
Na gani. Na yi shiru. Bayana na ciwo.
Motar ta fita da shi.

Bayan hunturu biyu,
ina tuƙi gida da kyafaffen kifi a kujerar gefe,
ruwa na sauka siriri, duhu ya riga ƙarfe biyar isowa,
sai jiniya.
Na ɗaga ido.
Haruffa tara, tsaye cak, daga hagu zuwa dama,
karo na farko da rubutun hannuna ya kalle ni ido da ido.
Na ratse gefe kamar kowa.
Ta wuce fuu, shuɗin haske na lasar jiƙaƙƙun bangaye,
ta sha kwanar gidan burodi,
ta sha kwanar cocin da aka mayar shagon kafet.

Kwanata ce ta ukun.

Na tarar da ƙofarmu a wangale,
takalmin Lachlan ɗaya a kan matakala, ɗaya ban san inda yake ba,
wata yarinya cikin koren kaya, ban kai ga jin sunanta ba,
ta durƙusa tana ƙirga masa numfashi da tafukanta.

Ya tashi. Da sanda yake tafiya yanzu, yana mita kan gishirin da aka hana shi.

Amma a daren, wajen ƙarfe biyu,
da aka ce in fita in sha iska,
na same ta a farfajiyar asibiti, injinta na hucewa.
Na bi gefenta da yatsa. Ɗaya, biyu, uku.
Ga shi nan.
Gishirin titi ya dusar da koren, shi ko gezau,
iskar wata Juma'a da na gaji,
ta zaga duk lungunan garin nan ba tare da ni ba.

Akwai allura a wuyan rigata, kullum akwai.
Huda ɗaya, danna ɗaya, shi ke nan.
Na zaro ta.
Na daɗe a tsaye, ruwa na shiga mini ta ƙeya,
sannan na mayar da ita inda take.